Ɗankwali Mai Ƙarnin Kifi

"Cire shi!"

Muryar Lesia ta tsaga falon, har wani tsoho da ke zaune bakin taga ya tsaya da cokali a baki.

"Na ce ki cire shi daga wuyanki, Runa!"

Runa ta juyo a hankali tana murmushi. Ta sa yatsu biyu ta shafa ɗankwalin silikin da ke wuyanta, kore shar, da jajayen furanni a gefunansa.

"Wannan? Haba malamata... ba ki ga ɗaurin ba ne? Yadda kika koya mini na yi shi fa. Ko bai zauna ba?"

Ya zauna. Abin da ya fi tayar wa Lesia zuciya ke nan. Baƙin siket na ulu, rigar sanyi ruwan toka, 'yan kunne ƙanana kamar ɗigon ruwa, duk ita ta zaɓa wa yarinyar nan da hannunta a farkon sanyi, don sana'arta ke nan. Yau ga ta tsaye a gidan uwar Einar kamar an wanke Lesia an sake shanyawa, kuma a wuyanta ɗankwalin Kaka Stefania, kakar Lesia.

Ɗankwalin da Lesia ta ɗaura wa Einar a dantse ranar da ya je neman aurenta.

"A ina kika same shi?"

"Tambayi mai shi mana. Namiji dai ba ya sakin abin da yake so, ke ma kin sani."

Lesia ta kai hannu ta fizge shi.

Sai warin ya buge ta.

Ƙarnin kifi, man inji, hayaƙi, tsohon gumi, kuma a saman duka turaren Runa mai zaƙi yana yawo kamar furen da ya faɗa kwata. Amai ya taso mata har maƙogwaro. Ta kau da kai, idonta ya sauka kan tebur, inda ba gwamma: bikin abincin kakanni ne da mutanen garin Gimli ke yi tsakiyar sanyi, ga kan tunkiya dafaffe yana kallonta da ido ɗaya, ga gutsattsarin ruɓaɓɓen kifin teku an soke su da tsinke kamar abin arziki.

Ƙofa ta buɗe, sanyi ya shigo, Einar yana biye da shi. Ya fita ne jona wa motocin baƙi wuta don kada injinsu ya daskare. Dogo, gemunsa duk ƙanƙara. Da ya ga abin da ke hannunta sai ya tsaya cak.

"Lesia..."

"Ɗazu na tambaye ka ɗankwalina. Me ka ce mini?"

"Na ce yana cikin akwati."

"A naɗe cikin farar takarda, ka ce!"

Ya sunkuyar da kai.

"Ƙarya na yi. Amma ki tsaya, ba yadda kike..."

"Kada ka matso ni! Tir!"

"Ƙyale ta ta tafi, Einar," in ji Gudrun, mahaifiyarsa, ba ta ko ajiye butar kofi ba. "Tun da ta shigo gidan nan hancinta ke sama, kamar wadda ake bi da mushen ɓera."

Lesia ta faɗa ɗakin kwana, inda baƙi suka tara manyan rigunan sanyinsu a kan gado, tsibi guda, kowa ya cusa hularsa da safar hannunsa cikin hannun rigarsa. Ta tona ta ciro baƙar kwat ɗinta. Da ta sa hannu a aljihu sai ta taɓo jan-baki da cingam ɗin da aka tauna aka naɗe a takarda. Ta Runa ce. Iri ɗaya sak, ita ta raka ta suka sayo.

Ta yar da ita kamar ta taɓa kwaɗo, ta nemo tata, ta fice.

*

Aikin Lesia Hrynchuk a birnin Winnipeg shi ne shiga gidajen mata ta buɗe wadrof, ta yamutsa fuska, ta soma zubar da kaya. In ta gama, mace sai ta tsinci kanta da kwat guda mai kyau, wando biyu, siket, 'yan rigunan sanyi, da takalmin da ke jure gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara. Baƙi, toka, ruwan ƙasa, duk masu jituwa da juna, ko a duhu ka ɗauko biyu sun dace. Wasu matan har kuka suke yi in ana fita da buhuna.

Sai ta ciro ɗankwalin siliki, nan take kukan ya tsaya.

Yau a wuya, gobe a gashi, jibi a hannun jaka, gata a ƙugu maimakon bel. Riga ɗaya ta zama riga bakwai.

"A garin da kowa ke cikin baƙar kwat rabin shekara," takan ce musu, "ɗankwali shi ne fuskar mace."

Mace mai irin wannan tsabta, sai ga shi zuciyarta ta rasa inda za ta faɗa sai kan masunci. Einar Bjarnason yana huda ƙanƙarar tafki ya jawo raga kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Wata rana motarta ta kafe a dusar ƙanƙara, ya tsaya ya tura ta, ita kuwa godiyar da ta yi masa ita ce miƙa masa ƙyallen goge hannu. Ya yi dariyar da ta bi ta har gida. Tun daga nan, in zai zo wurinta sai ya yi wanka sau biyu da lemon tsami, ya bar takalmansa a leda bakin ƙofa. Bai taɓa ƙorafi ba.

A gidansu Lesia akwai al'adar da suka taho da ita daga ƙasar kakanninsu. In saurayi ya zo neman aure, yarinya ba ta magana. In tana so, ta ɗaura masa ɗankwali a dantse. In ba ta so, ta miƙa masa kabewa, ya rungumi abarsa ya fita unguwa na yi masa dariya.

Ranar da ta ɗaura masa, sai da ta bi shi har mota da dokoki.

"Kada ruwa ya taɓa shi. Kada rana ta gan shi. Ka naɗe shi a farar takarda. Kada ka kai shi kusa da kifi, Einar, ko hoton kifi ne!"

"Na ji, zuciyata."

Ashe abin da ya ji ke nan.

*

"Ban faɗa miki ba?"

Halyna, mahaifiyar Lesia, ta yi mako guda tana maimaita wannan kamar waƙar coci.

"Ban faɗa miki ba? Ga ɗan gidan Petryshyn, likitan haƙori, hannunsa kamar auduga. Kika ce ke sai mai ƙarni. To ga ƙarnin nan an aiko miki da shi a ƙyalle!"

"Mama, don Allah..."

Wayar Lesia ta yi ta ƙara har ta gaji. Einar ya zo ƙofa sau biyu, Halyna ta yi masa magana ta ramin wasiƙu. Ɗankwalin kuwa Lesia ta ɗauke shi da abin juya nama, ta sa a leda, ta sa ledar cikin wata leda, ta jefa gareji. Duk da haka in ta rufe ido sai ta ga wuyan Runa, ta ji turaren, ta tashi ta sake wanke hannu.

Ranar Asabar da safe Halyna ta shigo kicin da shebur a hannu ɗaya, ɗaya hannun rungume da wani dunƙulen abu. Ta dire shi kan tebur, ya yi ƙara kamar dutse.

Kabewa ce. Wadda suka sassaƙa wa fuska tun bikin yara na watan Oktoba, aka manta da ita bakin ƙofa, dusar ƙanƙara ta binne ta. Ta daskare da dariyarta, haƙora uku, ido ɗaya ya fi ɗaya girma.

"Kasuwa babu kabewa yanzu. Wannan ma ta fi dacewa da shi. Yau za ki kai masa, a yi ta ta ƙare!"

Kaka Stefania na gefe tana ƙulla fulawa da dankali a ciki, tana manne bakinsu da babban yatsa. Ba ta ɗago ba.

"Kafin ki kai wa mutum kabewa, ki ba ni ɗankwalina."

"Kaka, ba zai taɓu ba. Ya mutu."

"Ni ma an ce na mutu a asibiti bara, ga ni ina cin gishiri a ɓoye. Je ki ɗauko, sarkin ƙyanƙyami."

Lesia ta ɗauko da yatsu biyu, ta buɗe taga tukuna. Tsohuwar ta yage ledojin, ta baza silikin a kan tebur tsakanin garin fulawa da kabewa. Sai ta yi abin da ya sa Lesia ta ja da baya har ta bugi firji. Ta tusa hancinta ciki ta shaƙa.

"Kaka! Wayyo, zan yi amai!"

"Yi can, kada ki ɓata mini ƙulli." Ta sake shaƙa, tana lumshe ido. "Turaren nan na yini ɗaya ne, a sama yake kamar mai a kan miya. Amma ƙarnin ya shiga har cikin zare. Wannan ba aikin yini ɗaya ba ne."

"To ta daɗe da shi ke nan."

"Yarinyar gemu gare ta?"

"Me?"

"Zo nan. Ke da kike koya wa matan gari siliki, zo ki duba."

Lesia ta matso, hannu a hanci. Kaka ta ɗora yatsa a gefe guda na ɗankwalin. Zaren wurin ya tashi, ya yi gashi-gashi, furannin sun dusashe kamar an goga su da soso. Lesia ta san yadda siliki ke lalacewa a wuyan mace: sarƙa ta ja zare ɗaya, hoda ta bar tabo, jan-baki ya taɓa. Ba haka ba.

"Yanzu duba nan." Kaka ta juya ɗaya gefen. Irin tabon ne sak, sai dai ya tsufa, ya kwanta.

"Wannan tun ina ƙarama nake ganinsa. Kin ce asu ne ya ci."

"Asun sunansa Mykola, kakanki. Na ɗaura masa a dantse, na ce ya ajiye. Bai ajiye ba. Ya tafi aikin layin dogo can arewa da shi a wuya, ƙarƙashin rigar ulu, sanyi guda cur. Ya dawo mini da shi yana warin gawayi da ƙafar maza. Na yi kwana uku ba na yi masa magana." Ta mayar da hannu kan ƙullinta. "Gemun namiji ne kaɗai ke yi wa siliki haka. Kullum, kullum, kamar akuya da turke."

Halyna ta yi tsaki.

"Ko ya sa shi shekara goma, a wuyan wata aka gan shi! Kuma ya yi ƙarya a gaban mutane!"

"Haka ne," in ji Lesia. "Ta yaya ya je wuyan Runa, Kaka?"

"Ni na je bikin? Ƙafa gare ki, mota gare ki. Ɗauki kabewar da ɗankwalin ki tafi. In kin isa, hannunki zai san wanda zai miƙa."

*

Ta ɗora kabewar a kujerar gefenta, har da ɗaura mata bel don kada ta gangara. Ɗankwalin yana cikin sabuwar leda a aljihun kwat.

Hanyar Gimli miƙaƙƙiya ce, fari a dama, fari a hagu. Ranar kuma sanyi ya kai inda rana ke haihuwa, don in ya tsananta sai ka ga wasu ƙananan ranaku biyu sun fito, ɗaya a kowane gefenta, suna binta kamar 'ya'ya, amma duk su ukun babu mai ɗumin ko ashana. Lesia ta ƙure na'urar ɗumama mota.

Nan ta yi kuskure.

Da farko wani wari ne siriri. Ta duba ƙasan takalminta. Sai ta waiga. Kabewar ta soma sakin fuska. Idon nan babba ya zubo, haƙoran sun lanƙwashe ciki, dariyar ta koma kuka. Wani ruwa mai yauƙi, rawaya-rawaya, ya gangaro kan kujera.

"A'a... a'a, don Allah, a'a!"

Ta taka birki, ta kai hannu za ta ɗaga ta ta jefar, sai yatsunta suka nutse ciki har wuyan hannu. Kabewar ta fashe a cinyarta. Wata huɗu na ruɓa ya kwarara kan baƙar kwat ɗin da ta fi ƙauna a duniya.

Ta buɗe ƙofa ta yi aman da take riƙewa tun ranar biki.

Haka ta isa rumfar gyaran kifi ta su Einar a bakin tafki. Gudrun na ciki da wuƙa, tana farke cikin kifi tana watsa hanjin a bokiti ba tare da ta duba ba. Ta ɗago, ta kalli Lesia daga sama har ƙasa, ta ja hanci.

"Yau kuma ke ce mai warin."

"Ina Einar?"

"Kan tafki. Me kika zo yi masa?"

"Ban sani ba tukuna." Lesia ta yi ƙoƙarin kada ta kalli bokitin. "Tambaya ɗaya zan yi miki, Gudrun. Kin tsane ni, na sani, amma ban taɓa jin an ce kin yi ƙarya ba. Shi ya ba Runa ɗankwalin?"

Wuƙar ta tsaya.

Gudrun ta ajiye kifin da ke hannunta.

"Da kika iso ranar nan, ya hango motarki ta taga. Ya kwance shi daga wuyansa da sauri kamar ɓarawo, ya cusa a hannun rigarsa da ke kan gado. Runa ta shiga gyara fuska, ta fito da shi a wuya. Ina tsaye bakin ƙofa."

"Kika yi shiru!"

"Na yi shiru. Runa a hannuna ta girma, ta san yadda ake riƙe wuƙa. Ke kuwa ran da kika fara zuwa, na ba ki kofi, kika ga ƙyallen da nake tacewa da shi kika tambaye ni ko safa ce."

"Ai kamar safa yake..."

"Na uwata ne!" Ta soke wuƙar a katako. "Na ɗauka in kin tafi zai yi kwana biyu ya warke. Mako guda ke nan bai ci abincina ba. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da sauƙi. Sai dai ya ce ina kwana, ya fita."

Ta goge hannu a gaban rigarta, ta ciro wata ƙatuwar rigar sanyi daga jikin ƙusa. Ruwan lemo ce a da. Yanzu ɓawon kifi ya manne mata kamar ado, aljihu ɗaya an like shi da salatif, wuyan ya yi baƙi da maiƙo.

"Sa wannan."

"Ni? Allah ya kiyaye!"

"Wannan 'yar kwat ɗin taki ta shiga mota ce da fita mota. A kan tafki, jiƙaƙƙiya haka, kafin ki kai wurinsa kin zama itace. Ko ki sa, ko ki koma wurin uwarki."

Lesia ta kalli rigar. Wani abu busasshe yana rataye a zip ɗin, ba ta so ta san ko mene ne. 

Ta cire baƙar kwat ɗin, ta ciro ledar daga aljihu, ta rufe ido, ta zura hannu.

Ciki da ɗumi, kamar wani ya fita yanzu.

"Hau bayana," in ji Gudrun, tana tayar da babur ɗin ƙanƙara. "Ki riƙe ni da kyau. Ba na cizo sai an yi mini maganar kofi."

*

Suka bi layin ƙananan itatuwan da masunta ke kafawa a ƙanƙara don kada hanya ta ɓace. Tafkin yana nishi a ƙarƙashinsu, wani dogon gurnani kamar saniya na mafarki. Can nesa ga ɗigo ɗaya baƙi. Gudrun ta sauke ta, ta koma gefe ta juya musu baya.

Einar na durƙushe bakin rami yana jawo raga, yana ɓanɓare kifi da hannu tsirara. Da ya ga rigar uwarsa bai ɗago sosai ba.

"Na ce miki ba na jin yunwa, Mama."

"Ni ma ba abinci na kawo ba."

Kifin da ke hannunsa ya suɓuce ya koma rami.

Ya miƙe a hankali. Sai ta ga wuyansa. Ja zur, ya tsattsage, wani wurin har jini ya bushe, inda ulu da iska suka yi mako guda suna ci.

"Lesia... ke ce cikin rigar nan?"

"Kada ka yi magana a kanta, in na tuna zan suma. Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

Ya dubi hannayensa, ya ɓoye su a baya.

"Na sa shi a akwati, kamar yadda kika ce. Washegari zan fito aiki, na buɗe don in duba kawai... sai na ji ƙamshinki. Na ce yini ɗaya ba zai yi komai ba."

"Yini ɗaya?"

"Yinin ne bai ƙare ba."

Ta ciji leɓe. Hawaye ya taru, ya daskare mata a gashin ido tun bai sauko ba.

"Da ka faɗa mini."

"Na san yadda fuskarki ke yi in kin ga ƙazanta. Na ga kin yi wa takalmina, kin yi wa motata, kin yi wa kofin uwata, duk na yi dariya. Amma wannan..." Ya girgiza kai. "Abin da ke jikin ƙyallen nan ni ne, Lesia. Haka nake in ban yi wanka da lemon tsami ba. In kika yi masa wannan fuskar, ni kika yi wa."

"Na yi masa," ta ce a hankali. "A gaban kowa."

"Na gani."

Iska ta wuce tsakaninsu tana jan farin gari a ƙasa.

"Uwarki ta ce mini ta ramin ƙofa za ki kawo kabewa," ya ce. "Kin zo da ita?"

"Na zo da ita."

Ya gyaɗa kai, ya fito da hannayensa biyu, ya tara su kamar mai karɓar jariri.

"To ba ni."

"Ta narke a hanya. Rabinta na kan kujera, rabinta na kan kwat ɗina."

"Narkakkiya ana lissafa ta?"

"Sai an miƙa hannu da hannu. Sai dai in kana da cokali."

Bai yi dariya ba, tsoro bai bar shi ba. Ta cire safar hannu, ta yage ledar da haƙori. Ƙarnin ya taso kamar ran farko, don ƙarni dai ƙarni ne, soyayya ba ta mayar da shi turare. Ta riƙe numfashi. Ta ninka silikin kusurwa da kusurwa, ta naɗe shi siriri, da yatsun da sanyi ya soma ƙwacewa.

Ya miƙo mata dantse.

"Sauke hannunka, wawa. Sunkuyo."

Ya sunkuyo. Ta zagaya masa shi a wuya sau biyu, gefen da gemunsa ya ci ta mayar da shi daidai ƙarƙashin haɓa, ta ƙulla, ta tura bakin cikin rigarsa.

"Masoyiyata..."

Ya rungume ta har ƙafarta ta bar ƙasa. Fuskarta ta nutse cikin ƙirjinsa, cikin ɓawon kifi da man inji.

"Einar... kana wari."

"Ke ma, zuciyata. Naki ma ya fi nawa."

"Bayan aure wanka sau biyu yana nan!"

"Sau uku, in kina so."

"In kun gama," Gudrun ta ɗaga murya ba tare da ta juyo ba, "raga na daskarewa, kuma akwai kofi a gida. Wanda ba ya son na safa ya sha ruwa!"

*

Aka ɗaura aure da ƙanƙara ta narke. Halyna ta yi kuka, rabi na murna, rabi na likitan haƙori. Runa ba ta zo ba. Ana ganinta dai a gari cikin baƙar kwat, in an gane ta.

Har yau Lesia na shiga gidajen mata tana yamutsa fuska tana zubar da kaya. Babu wadda ta san cewa a kayan sanyinta ita kanta an sami ƙari guda: wata riga ruwan lemo da ba ta jituwa da komai, wadda ba a yarda ta shigo gida ba, tana rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Ɗankwalin kuwa an wanke shi da ruwan sanyi, hannu ya yi ta yi, ƙarnin ya ragu amma bai tafi ba. Ranar da suka kawo wa Kaka Stefania ziyara da sanyi ya sake zagayowa, ta sa Einar ya kwance shi, ta baza a cinyarta, ta bi gefunan da yatsa. Na Mykola. Na Einar.

Sai ta ɗago ta kalli cikin Lesia, wanda baƙar kwat ta soma ƙin rufewa.

"Saura gefe biyu," ta ce.